Yadda Ake Gane Naman Kaza Mai Haƙarƙari da Ware Danginsa a Ƙasar Damagaram

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, duk lokacin da ruwa ya kwana yana sauka har ƙasa ta sha ta ƙoshi, naman kaza yakan ɓullo a wuraren da jiya ba komai: gefen turken shanu, bakin juji, gindin gawo a gonakin Matamaye da Magarya, cikin garake a Mirya, kan suri a bayan gari. Yawancinmu a Damagaram laimar kwaɗi muke ce masa gaba ɗaya, mu taka mu wuce. Amma yanzu akwai matasan da ke gani a waya ana soya shi a wasu ƙasashe, akwai waɗanda suka je ci-rani kudu suka ci shi a miya, sun dawo gida suna tsinkar duk wanda ya yi musu kama da wancan. Su ne suka fi damuna, domin a cikin fararen laimomin nan masu kama da juna akwai na ci, akwai mai sa amai da zawo na kwana biyu, akwai kuma mai lalata hanta ya kai mutum kabari.

Zan tsaya ne kan dangi guda, wanda masana ke kira Agaricaceae, saboda da yawa daga manyan laimomin da ke fitowa a kan taki da ciyawa ƴan wannan dangi ne. Hular sama ita ido ke fara gani, ita ce kuma ta fi yaudara. Shaidar gaskiya tana ƙarƙashin hula, tana gindin ƙafa cikin ƙasa, tana kuma kan takarda bayan an bar shi ya kwana a kanta.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fita

Naman kaza ba tsiro ba ne. Ba shi da koren ganye, ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. Ainihin jikinsa wani farin zare ne siriri da ke saƙe cikin ƙasa ko taki ko ruɓaɓɓen itace. In ka ɗaga tsohon kashin shanu da damina ka ga farin abu ya lulluɓe ƙasansa, shi ne wannan. Laimar da ke fitowa sama aikinta ɗaya ne, ta watsa garin iri. Ka juya ta za ka ga siraran layuka jere daga ƙafa zuwa bakin hula, waɗanda zan riƙa kira haƙarƙari. A jikinsu garin irin ke nuna ya zubo. Ƙwaya ɗaya girmanta wajen kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita, ido ba ya kama ta sai sun taru jingim.

Masana suna jera su hawa-hawa. A sama akwai babban rukuni mai suna Agaricales, inda mafi yawan masu haƙarƙari suke. A cikinsa akwai dangogi, a cikin kowane dangi akwai gidaje, a cikin kowane gida akwai nau'o'i. Farin naman kazan nan da ake nomawa a sayar cikin gwangwani a kanti, nau'insa Agaricus bisporus, gidansa Agaricus, danginsa Agaricaceae.

Wannan jeri bai zo rana ɗaya ba. A 1753 masanin Suwidin Carl Linnaeus ya zuba masu haƙarƙari gaba ɗaya a gida guda, ya kira shi Agaricus. Ɗan ƙasarsa Elias Fries ne, daga 1821, ya shiga raba su bisa launin garin irinsu, kuma har gobe wannan dabara tasa ita ce ta fi yi wa mai aikin daji amfani. A 1826 Bafaranshe François Chevallier ya raɗa wa dangin suna. Da binciken ƙwayoyin gado ya zo sai aka sake zama: a 2001 aka kwashe yawancin ƴan gidan Coprinus, masu narkewa su zama baƙin ruwa, aka mai da su wani dangi, sannan aka tabbatar cewa wasu da ko haƙarƙarin kirki ba su da shi ƴan Agaricaceae ne na jini. Wani lissafi na 2008 ya ba dangin gidaje 85 da nau'o'i 1340, ana kuma ta gyara shi tun daga lokacin.

Ga abin da ya haɗa yawancin ƴan dangin. Matacciyar ciyawa da taki da ruɓaɓɓen ganye suke ci, ba su dogara da saiwar itace mai rai ba. Haƙarƙarinsu ba ya manne da ƙafa. Suna da zobe a ƙafa, wato ragowar mayafin da ya rufe haƙarƙari lokacin ƙuruciya. Hula da ƙafa suna rabuwa cikin sauƙi in ka murɗa. Ba su da ƙoƙo a gindi. Launin garin iri kuwa ya sha bamban, shi ne ke raba gida da gida.

Mataki na farko: kayan aiki da lokacin fita

Ka ɗauki wuƙa mai kauri ko ƙaramar hauya, kwando ko kwali, tsohuwar jarida, littafin rubutu da alƙalami, da waya mai ɗaukar hoto. Kada ka ɗauki leda. A zafinmu naman kaza cikin leda kafin azahar ya dafe ya yi yauƙi, duk alamomin sun ɓace. Ka fita da sassafe, kwana ɗaya zuwa uku bayan ruwa mai yawa, musamman cikin marka. Ka sa takalmi rufaffe, don gindin suri da tarin ciyawa wurin maciji da kunama ne.

Mataki na biyu: duba wurin kafin ka taɓa

A kan me ya tsiro? Kan yashin jigawa, kan baƙar ƙasar fadama, kan taki, kan kututture, ko kan suri? Shi kaɗai ne, ko cunkus suke, ko sun yi da'ira a cikin ciyawa? Wane itace ne kusa? Ka rubuta nan take da kwanan wata da sunan wurin, don in ka koma gida da kala huɗu ko biyar za su cakuɗe maka. Ka ɗauki hoto daga sama da daga gefe, ka aza tsabar kuɗi kusa da shi don a ga girmansa.

Mataki na uku: haƙo shi, kada ka tsinke

Nan ne mutane suka fi yin asara. Mai sauri yakan yanke ƙafar daidai ƙasa ya bar gindin, alhali gindin ne ke ɗauke da shaidar da ta fi kowace tsada. Ka soka wuƙa nesa kaɗan da ƙafar, ka zurfafa, ka ɗago shi da ƙasarsa, sannan ka kakkaɓe a hankali da yatsa.

Abu uku kake nema. In gindin yana zaune cikin wani farin ƙoƙo ko jaka mai laushi, ko ya kumbura da ragowar yagaggen mayafi a kewaye, to ba ɗan Agaricaceae ba ne, ka ware shi gefe guda tun nan. In ƙafar ta ci gaba da nutsewa, ta sirance ta zama doguwar jela mai bin ƙasa zuwa cikin suri, shi ma na wani dangi ne, zan zo kansa. In kuma gindin ya ƙare sumul, ko da ɗan kumburi amma ba ƙoƙo, sai mu ci gaba.

Ka ɗebo aƙalla uku daga wuri guda: ƙarami wanda bai buɗe ba, matsakaici, da wanda ya buɗe sosai. Yaro da tsoho na nau'i ɗaya kan bambanta har ka rantse ba su san juna ba. Kowane kala ka naɗe shi da jaridarsa daban. Taɓa naman kaza mai guba da hannu ba ya cutarwa, sai an haɗiye, amma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu.

Mataki na huɗu: juya hula

Ka kalli inda haƙarƙari ya tunkari ƙafa. A wannan dangi yakan tsaya kafin ya iso, ya bar ɗan fili zagaye da ƙafar. In ka ga ya manne sosai, ko ya gangara yana bin ƙafar ƙasa, ka fita daga dangin.

Sai launi, kuma a nan ukun da ka ɗebo za su yi maka aiki. Haƙarƙarin da ya fara da ruwan hoda a ƙarami, ya koma ruwan makuba mai duhu a babba, alamar gidan Agaricus ce. Wanda ya tsaya fari ko ruwan madara daga ƙuruciya har tsufa yana nuna wasu gidaje. Wanda ya fara fari sannan ya soma shiga ruwan toka mai sirkin tsanwa, ka riƙe shi da kyau a ranka.

Mataki na biyar: zobe, hula, yanka da sansana

Ka duba zoben. Siriri ne mai yagewa da an taɓa, ko mai kauri ne mai leɓe biyu? Ka ɗan tura shi da yatsa: a manyan laimomi yakan zame sama da ƙasa kamar awarwaro a hannu, a wasu kuma yana manne. Ruwan sama kan wanke zobe, shi ya sa rashinsa a tsoho ba hujja ba ne, ka duba matsakaicin.

A hula, ka auna faɗinta da santimita, ka ga ko sumul take ko tana da ɓamɓaroki, ko akwai ɗan tudu a tsakiya, ko bakinta yana da tsaga-tsaga. Ka gwada ɓamɓarokin da farce. Na wannan dangi fatar hular ce ta tsattsage yayin da take buɗewa, ba sa gogewa. Na Amanita kuwa, gidan masu ƙoƙo a gindi da zan zo kansa, guntayen mayafi ne da aka bari a sama, suna fita da an shafa.

Sannan ka tsaga ɗaya gida biyu daga hula har gindi, ka zuba ido minti biyar zuwa goma. Naman ya tsaya fari? Ya koma ja ko ruwan goro? Ko gindin ya koma rawaya shar nan take? Ka murje gindin tsakanin yatsu ka sansana. Kada ka ɗanɗana, ko da a bakin harshe ne.

Mataki na shida: takardar garin iri

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba ya cin ko dala. Da ka iso gida, kafin ka sha ruwa ma, ka zaɓi hular da ta buɗe amma ba ta fara ruɓa ba. Ka yanke ƙafar daidai hula. Ka haɗa farar takarda da baƙa gefe da gefe, ka kifa hular a kan mahaɗarsu, rabi nan rabi can, haƙarƙari na kallon ƙasa. Dalilin takarda biyu shi ne farin gari ba ya fitowa a kan fara, baƙi kuma ba ya fitowa a kan baƙa. In kana da guntun gilashi ya fi, don za ka iya ɗora shi a kan kowace takarda daga baya. Ka ɗiga ruwa digo ɗaya a saman hular don kada ta bushe, ka kife ta da kofi ko ƙwarya saboda iska. Ka ajiye a inuwa cikin ɗaki, a sama, inda yara da kaji da tururuwa ba za su kai ba.

Bayan awa shida zuwa takwas, ko da safe in da yamma ka aza, ka ɗaga kofin, ka ɗago hular tsaye ba tare da ka ja ta ba. Za ka tarar da zanen haƙarƙarin a kwance a takarda, layi bayan layi, da ɗan fili a tsakiya inda ƙafa take. Ka fita da shi hasken rana ka duba, kada ka yanke hukunci da hasken tocila ko na waya, suna canja launi. In garin ya yi kaɗan, ka tattara shi wuri guda da reza, launin zai fito sosai. In ba abin da ya zubo, hular ta yi ƙuruciya ko ta bushe, sai ka sake da wata. Takarda da ba ta nuna komai ba ba ta ce maka fari ba. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin akwai wani mai guba mai koren gari, da zan zo kansa, wanda ƙaraminsa sau da yawa bai fara zubarwa ba.

Mataki na bakwai: haɗa alamomi ka kai shi gidansa

Gari ruwan makuba mai duhu, ga zobe, haƙarƙari bai taɓa ƙafa ba, ba ƙoƙo a gindi: gidan Agaricus ke nan. Akwai na ci da yawa a cikinsa. A 2010 masana, cikinsu har da ɗan Nijar Oumarou Hama, suka bayyana wani sabon nau'i da suka kira Agaricus subsaharianus, wanda ake ci a Nijar da Burkina Faso da Tanzaniya. Abin ya burge ni, don ya nuna mutanen karkara sun daɗe da sanin abin da littafi bai sani ba. Amma gidan yana da ɓata-gari. In gindin ya koma rawaya shar da an yanka, ga kuma wari irin na tawada ko na maganin wanke asibiti, ya shiga sahun Agaricus xanthodermus da ƴan uwansa, masu murɗa ciki da sa amai. Warin yakan ƙaru in an ɗora a wuta.

Gari kore ko ruwan toka mai tsanwa: ka ɗauke shi a matsayin Chlorophyllum molybdites. Wannan shi nake so kowane mai karatu ya haddace. Babba ne, kyakkyawa, hularsa kan kai santimita 30, fara da ɓamɓaroki masu ruwan ƙasa, ga zobe mai kauri. Yana son ciyawar da ake ba ruwa da ƙasa mai taki a ƙasashe masu zafi, yakan fito da yawa a jere ko a da'ira, ya cika kwando cikin ƴan mintoci. Yawan nan nasa da kyan ganinsa su ke jan mutane. A Amurka ta Arewa shi ne kan gaba wajen kai masu cin naman kaza asibiti. Awa ɗaya zuwa uku bayan an ci sai amai da zawo mai tsanani, wani lokaci har da jini. Babba mai ƙarfi yakan tashi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma yaro ko tsoho ƙarewar ruwan jiki na iya kayar da shi.

Gari fari shi ne mai wahala, don gidaje da dama ne suka taru a nan. In laimar babba ce ƙwarai, doguwar ƙafa mai zane-zanen ruwan ƙasa a karkace, zobe mai kauri mai zamewa, tudu a tsakiyar hula, wannan siffar Macrolepiota ce, wadda Turawa ke ci. Ka ajiye ta kusa da mai koren garin nan tun suna ƙanana, sai gwani ya raba su da ido. Kama da wane ba ta wane, takarda ce kaɗai ke raba gardama.

In kuma ƙarama ce, hular ba ta kai santimita 10 ba, ɓamɓaroki masu ruwan ƙasa ko ja-ja sun zagaye wani duhun tabo a tsakiya, zoben siriri ko ya ɓace, ka ɗauke ta a matsayin ƴar gidan Lepiota. Wasu ƴan wannan gida, irin su Lepiota brunneoincarnata, suna ɗauke da guba mai suna amatoksin, wadda ke kashe hanta. Raba nau'o'insu sai da madubin ƙara girma na ɗakin bincike. Hukuncina a kansu ɗaya ne: duk ƙaramar laima mai farin gari, a duba ta, a ɗauki hotonta, a bar ta. Haka fararen nan sumul na gidan Leucoagaricus, da ƴan siraran Leucocoprinus masu tsaga-tsagar baki, cikinsu har da rawayan nan da ke fitowa a tukunyar fulawa da wurin renon itatuwa.

Gari baƙi, hula doguwa mai gashi-gashi wadda ke narkewa daga baki ta zama baƙin ruwa: Coprinus na ainihi, ƴan kaɗan ɗin da suka rage a dangin bayan rabon 2001.

Akwai kuma wanda ɗan Damagaram ya fi sani da ido ko da bai san sunansa ba, musamman a yashin wajen Tanut da Gure da gefen hanyoyi. Fari ne tsaye, kansa dogon ƙulu mai ɓawo-ɓawo, ba ya taɓa buɗewa ya zama laima. Ƙafarsa tauri gare ta, tana ratsa kan har ƙoli. In ya tsufa ka matsa shi, baƙin gari ya cika maka hannu, yakan kuma tsaya a bushe har cikin rani. Sunansa Podaxis pistillaris. Da can ana lissafa shi da masu kumburi su fashe da ƙura, sai binciken ƙwayoyin gado ya nuna ɗan Agaricaceae ne da ya saba da fari: ya rufe hularsa ya tsare garin irinsa daga bushewa. Ka tsaga ƙarami za ka ga cikinsa fari, da alamun haƙarƙarin da suka cure wuri guda. A wasu yankunan Indiya ana dafa shi tun cikin nasa yana fari.

Maƙwabtan da ba ƴan dangi ba

Mai doguwar jelar nan da ke shiga suri Termitomyces ne, na dangin Lyophyllaceae. Gara ce ke noma shi a cikin gidanta, tana tauna ciyawa ta gina masa wurin zama, shi kuma ya narkar mata da abinci. Bafaranshe Roger Heim ya ba shi suna a 1942. Hularsa tana da tsini mai tauri a tsakiya, da shi take huda ƙasa, garinsa kuma ruwan hoda ne mai haske. Shi ne aka fi so a kasuwannin Afirka da dama, kuma wani nau'insa na Zambiya hularsa kan kusa mita guda. Sai dai fitowa a kan suri kaɗai ba shaida ba ce, wasu ma kan tsiro a nan. Sai ka bi jelar ka ga inda ta nufa.

Mai ƙoƙo a gindi kuwa, in garinsa fari ne to Amanita ne, gidan da ya fi kowane kisa a duniya. Yawancinsu suna rayuwa ne manne da saiwar itatuwa irin su doka da kawo, waɗanda suka fi yawa a dazukan kudu, amma akwai masu fitowa cikin ciyawa. In garin ruwan hoda ne kuma ba zobe, Volvariella ne. Ana noma wani nau'insa a Asiya, kuma mutanen can da suka yi ƙaura sun sha mutuwa saboda sun ɗauki ƙaramin Amanita a matsayinsa. Mai koyo ya nisanci duk mai ƙoƙo.

Mataki na takwas: shanya da ajiya

Wanda kake so a tabbatar maka da sunansa, ka tsaga shi biyu ka shanya a kan raga inda iska ke ratsawa. Da damina rana ba ta da tabbas, sai ka rataye ragar can sama da garwashin da ya lafa, zafi kaɗan, don so ake ya bushe ba ya gasu ba. In ya yi ƙarau yana karyewa, ka sa shi cikin ambulan tare da takardar garinsa a naɗe, ka rubuta lamba ɗaya a ambulan da littafi da hoto. Irin wannan ajiya ita malamin kimiyyar halittu, ko a Jami'ar André Salifou ta nan Zinder ko a ta Abdou Moumouni a Yamai, zai iya aiki da ita. Hoton saman hula kaɗai ba ya isar kowa, manhajar waya ma da ke cewa tana gane su ba abin jingina rai ba ce.

In a ƙauyenku akwai tsohuwar da ta saba tsinka, ka kai mata ka zauna. Ka ce, “Inna, wannan a ina yake fitowa, da me kuke gane shi, wanne ne kuke gudu?” Ka rubuta sunan da ta faɗa kusa da lambar. Saninta na gaske ne, amma na nau'in da ta sani ne a dajin da ta sani, ba ya bin ka zuwa wani gari.

Maganar ci da maganar guba

Sanin dangi ko gida bai ba ka izinin ci ba. Ka ga dai dangi guda ya haɗa na gwangwani da mai kashe hanta. Ana ci ne in an san nau'in kansa, kuma wanda ya daɗe yana cinsa a wurin ya riƙe shi a hannu ya tabbatar. Ko a haka, a dafa shi sosai, a fara da kaɗan, kada a ba yara a karon farko, a ajiye guda ɗanye gefe. Kada a ci na bakin kwalta, ko na juji, ko na gonar da aka yi wa feshi, don ƴan gidan Agaricus suna zuƙar ƙarafa masu guba daga ƙasa su tara a jikinsu.

Gwaje-gwajen da ake yaɗawa duk ba su da tushe. Cewa mai guba yana baƙanta cokalin azurfa ko tafarnuwa, ƙarya ne. Cewa wanda tsutsa ko akuya ta ci lafiyayye ne, ƙarya ne. Tafasawa, soyawa, shanyawa, jiƙawa da kanwa ko tsamiya, babu wanda ke karya amatoksin.

In wani ya ci ya fara amai, abu na farko a tambaya shi ne ƙarfe nawa ya ci, ƙarfe nawa ciwon ya fara. Wanda ya fara cikin awa uku galibi na ciki ne. Wanda ya jinkirta awa shida zuwa ashirin da huɗu shi ne abin tsoro, don haka amatoksin ke yi: amai da zawo, sannan kwana ɗaya na sauƙi har a ce ya warke, alhali hanta na lalacewa, daga nan idanu su yi rawaya. In an haɗa kala-kala a tukunya ɗaya, fara amai da wuri bai kore wannan ba. A kowane hali kada a tsaya ba shi madara ko man gyaɗa ko jiƙo. A kai shi likita mafi kusa nan take, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya in yana iya sha, a tafi da duk wanda ya ci tare da shi ko da bai ji komai ba. A riƙe ragowar miyar, da ɗanyen da aka ajiye, da hotuna, da takardar garin iri in an yi. A gaya wa likita ƙarara cewa naman kaza aka ci da lokacin da aka ci, kuma in ciwon ya jinkirta a nemi a tura shi babban asibitin Zinder a auna hantarsa, ko da ya ce ya ji sauƙi.